Ranar da Kyari Ya Zame a Kan Siminti

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare direbanku daga gyangyaɗi, Ya tsare motarku daga abin da ke kan hanya, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani. Ni na sa mahaifiyarki ta cusa ta cikin jakar raket ɗinki, don na san sai kin bar Damagaram za ki buɗe jakar.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Shekaranjiya muna cin tuwo kika faɗa mini yadda aka tsara muku wasanni a can ƙasashen waje. Za ki fara a filin jar ƙasa, kina gamawa ki hau jirgi, washegari ki shiga filin siminti a wata ƙasa, daga can a sake mayar da ke jar ƙasa. Kina faɗa kina dariya, kika ce, “Baba, ai duk tenis ne, raga ɗaya ce, layi ɗaya ne.” Na janye hannuna daga kwano, kika zaci tsufa ne ya rage mini ci. Ba tsufa ba ne, Uwata. Magana ce nake da ita, wadda ba zan iya faɗa a gaban ƙannenki ba.

Kin san Baffa Kyari na Mirriya, wanda muke kai wa ziyara bayan Sallah, mai jan ƙafar hagu, wanda kike ɓuya a bayana in kin gan shi kina ƙarama. An gaya miki ciwo ne ya same shi. Gaskiya ne, amma ba a gaya miki inda ya same shi ba.

Ni da Kyari lakwal ɗaya muka yi, wato makarantar boko, benci ɗaya. Wani malamin lakwal da ya zo daga bakin teku shi ya koya mana tenis. Da muka gama karatu aka ɗauke mu aikin ofis a biro ɗaya, kullum in an tashi sai mu wuce fili. Filin yana bayan gidan shaƙatawar ma’aikata, gab da manyan duwatsun nan. Da ƙasar suri aka yi shi. Daga dajin Gaffati aka kwaso ta a kamyo, babbar motar kaya, aka daɓe ta kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Mutanen Gaffati sun ƙi sa hannu a aikin, suka ce suri yana da masu shi, ba a rushe wa mutum gida a kwashe shi zuwa birni. Sai daga gari aka ɗebo leburori. Mu dai samari ne masu takarda, dariya muka yi.

In an yayyafa wa filin nan ruwa, babu ƙasa mai daɗin takawa kamarsa. Ƙwallo yakan sauka ya ɗan jira ka, sannan ya tashi sama. Mutum ba ya tsayawa cak, zamewa yake yi har ya isa wurin ƙwallo. Kuma a zamewa ban taɓa ganin kamar Kyari ba. Tun daga nesa zai saki ƙafa, ya iso kamar an ɗauko shi a tabarma ana ja.

Sai fari ya zo. Damina ta zo ta wuce ba ta ajiye komai ba, wadda ta biyo ta ma haka. Pampon unguwa in an murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Mutanen arewa suka fara isowa gari, makiyaya babu ko akuya, suka yada zango a gindin duwatsu. Da la’asar sukan zo su zauna a bayan wayar da ta kewaye filin. Ba sa tafi, ba sa magana, ko yaransu ba sa kuka. Kawunansu kawai ke juyawa, dama, hagu, dama, hagu, suna bin ƙwallo. Wata rana ana yayyafa ruwa na ga wata mata ta zuro hannu ta ƙarƙashin waya, ta dangwali jiƙaƙƙiyar ƙasar ta sa a baki. Ba a daɗe ba aka hana ba wa filin ruwa, kuma da ma tun tuni ya kamata a hana.

Nan na yi kuskurena na farko. Na ɗauka tunda filin yana nan inda yake, layinsa yana nan, to shi ɗin ne. Ashe ya zama wata ƙasa dabam. Samansa ya koma gari kamar toka, ƙasansa ya yi tauri ya tsattsage. Wani wurin ka saki ƙafa ka wuce ƙwallo, wani wurin ƙafar ta kafe jikinka ya wuce ya bar ta. Ƙwallo ya daina jira, wani lokaci ma ya faɗa tsaga ya ƙi tashi. Gara kuwa ta fara fitowa. Kowace safiya sai mu tarar ta gina ’yan hasumiyoyi kamar yatsu a jere a kan layin baya, mu tattake su da takalmi, gobe mu tarar da su a wurin, sun ɗan fi na jiya tsawo. Muka ci gaba da wasa yadda muka saba. Jijiyar cinyata ta ja, na ɗaure da tsumma ban faɗa wa kowa ba.

Uwata, kada ki yarda da sunan fili. In an ce miki jar ƙasa ce, ki je ki taka ta da ƙafarki tun kafin ranar wasa. Ki zaga ta lungu-lungu, ki ja takalmi a kai, ki saki ƙwallo ki ga yadda yake tashi da safe da yadda yake tashi in rana ta ɗaga. Jar ƙasar da ta sha ruwa da wadda ta kwana da ƙishi ba abu ɗaya ba ne.

A cikin bazarar nan aka ce za a zaɓi mutum ɗaya daga gabashin ƙasa ya tafi Yamai, babban birni, ya yi wasa. Masu shirya gasar suka ce za a fara a filinmu, a ƙarasa a Maraɗi, inda ake da filin siminti. Saboda manyan baƙi suna da wasu hidimomi, aka matse komai wuri ɗaya. Muka yi wasa a nan har ranar tafiya, muka hau bayan kamyo da zufar wasan a jikinmu. Hanyar nan ba zan manta da ita ba. Gefe da gefe mushen shanu ne, fata ta manne a ƙashi, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta wuce. Ga ramuka, ga ƙarfen kamyo da ya ɗau zafi, babu wurin miƙe ƙafa. Abincinmu kuwa jar dawar nan ce ta taimako, wadda ke cika ciki ba ta isa gaɓɓai.

Da muka isa, ɗaya daga cikin masu shirya gasar ya kira mu gefe. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce, “Samari, na ga idanunku. In kuka janye daga wasan bibbiyu kuka tsaya a na ɗaiɗai, zan iya ba ku yini ɗaya ku huta ku san filin.”

Kyari ya dube ni ya ce, “Isuhu, mu karɓa. Ƙafafuna kamar na aro nake jin su.”

Na ce, “Haba Kyari, ai mun huta a mota. Mu zo har nan mu bar wa ’yan Maraɗi kofi a banza?”

Ya ce, “To, yadda ka ce.” Haka yake, bai iya musu da ni ba tun muna yara.

Wannan shi ne kuskurena na biyu. Zaman mota ba hutu ba ne, zaman jirgi ma haka. Jiki yana aiki ne a zaune, yana ta riƙe kansa, barcin hanya kuma ba ya shiga ƙashi. In aka ba ki zaɓi tsakanin ƙarin wasa da yinin hutu, ki ɗauki hutun, ko da abokiyar wasanki za ta yi fushi da ke. In mai horar da ke ya ce ke yarinya ce, jikinki zai ɗauka, ki gaya masa ubanki ma an taɓa ce masa yaro.

Washegari muka shiga siminti. Ke a kansa kika koya, ba za ki gane abin da ya yi mana ba, amma za ki gane in kin yi mako a jar ƙasa kika dawo masa. Ƙafa takan riƙe ƙasar da ta saba da ita. Kai ya san siminti ne, ita ba ta sani ba. Ƙwallo na farko da na bi, na saki ƙafa zan zame, takalmi ya kama ƙasa gam, na ji gwiwata ta yi ƙara har cikin haƙorina. A jar ƙasa numfashi da cinya ne ke gajiya, don wasa yakan yi tsawo. A siminti kuwa duk takun da ka yi sai ƙasa ta rama, ta idon sawu, ta gwiwa, ta ƙugu. Ƙwallo ba ya jira, yana taɓa ƙasa ya wuce ka. Ga zafi yana hudo tafin takalmi kamar ka taka murhu. Mun zo da gajiyar waccan ƙasa, muka ɗora ta wannan a kai.

Duk da haka muka yi ta ci. Da safe na ɗaiɗai, da yamma na bibbiyu, gobe ma haka. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya ɗago. Fitsarina ya koma kalar shayi. Ɗaki ɗaya muke kwana da Kyari, amma ban faɗa masa ba, shi ma bai faɗa mini nasa ba, domin tun a lokacin mun hango cewa mu biyu ne za mu haɗu a wasan ƙarshe, kuma kujerar Yamai ɗaya ce. Kowa yana ɓoye ɗingishinsa sai ɗan’uwansa ya juya baya. Na lura ya daina cin abinci, yana tura mini kwanonsa. Na cinye ban tambaye shi ba.

Ki samu mutum ɗaya a cikin tafiyar nan da za ki riƙa gaya wa gaskiyar jikinki kullum, ko mai horarwa, ko likita, ko wadda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ki faɗa tun ciwon yana ƙarami. Ki duba fitsarinki kowace safiya, ba abin kunya ba ne uba ya faɗa wa ɗiyarsa haka. Ki sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. In kuma wata ta tura miki kwanonta, ki tambaye ta dalili kafin ki sa hannu.

Ranar ƙarshe ni wasana na safe bai daɗe ba, abokin karawata ya gaji ya sallama. Na Kyari kuwa ya ja har hantsi ya wuce. Yana fitowa aka ce manyan baƙi suna so su kama hanya kafin la’asar, don haka za a yi wasan ƙarshe yanzu, da tsakar rana. Kin san a garinmu ko yaro ba a aike a wannan lokaci, ana cewa ba lokacin mutane ba ne. Da na ce ban yarda ba, da dole a jira, don babu wasa sai da ni. Amma na dubi Kyari yana zaune ya sunkuyar da kai, na ce a raina wannan sa’ata ce. Na ce musu na shirya.

Muka shiga. Sama ta yi fari fat, babu iska, babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Baƙi suna cikin rumfa. A bakin ƙofar filin kuwa ga mutane a zaune cikin rana, irin waɗancan na gindin duwatsu, shiru, kawunansu na juyawa. Sai na ji kamar su ɗin ne suka biyo mu tun daga Damagaram.

Da muka zo sauya gefe, muka zauna a benci ɗaya. Ni rigata sharkaf take. Tasa a bushe, gishiri ya yi mata zane fari a baya. Na miƙa masa moɗa, bai karɓa ba. Ya ɗaga hanci yana shaƙar iska, ya ce, “Isuhu, wa ya yayyafa ruwa? Ka ji ƙamshin ƙasa?”

Na ce, “Wace ƙasa? Siminti ne, Kyari.”

Ya dubi ƙafafuna ya daɗe, ya ce, “Ina inuwarka?”

Na ce, “Rana ce a tsaka, tana ƙarƙashina.”

Ya gyaɗa kai. Da muka miƙe sai ya riƙe mini hannu, tafinsa kamar ƙarfen da aka ciro daga wuta. Ya ce a hankali, “Ka ce wa mutumin nan na bayanka ya sauka daga kan layi. Tun ɗazu shi ke mayar mini da ƙwallo kafin ka buga.”

Na waiga. Babu kowa, sai farin bango. Uwata, a nan ya kamata in ajiye raket in kira mutane. Ban yi ba. Na koma gefena, na fara sakar masa ƙwallo gajere kusa da raga, sannan in jefa masa can baya, don ya yi ta gudu.

Abin da ya biyo baya har yau ban iya bayyana shi ba. Kyari ya daina kuskure. Ba na jin numfashinsa, ba na jin takunsa. Idonsa ba a kan ƙwallo yake ba, yana kallon wani wuri ne a bayan kafaɗata, amma duk inda na buga sai in tarar ya riga ya isa. Ban taɓa ganin ya yi wasa irin wannan ba, ko lokacin da filinmu ke shan ruwa. Tsoro ya kama ni. Na sakar masa wani gajere ƙwarai, wanda na san babu mai kamo shi. Ya taho a guje daga layin baya, ya saki ƙafar hagu, ya zame.

A kan siminti ya zame, Hadiza. Doguwar zamewa, mai laushi, da sautin nan na takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya iso ƙwallon, ya ɗaga shi ya wuce ni. Ya miƙe tsaye ya yi mini murmushi, ya ce, “Sabis ɗin wa ne? Wa zai fara bugu?” Sannan ya durƙusa, ya kife.

Aka ruga wurin tano, gangar ruwan ’yan wasa, aka tarar saura laka a gindi. Ana ta kiran a kawo ruwa, kowa yana duban kowa. Sai wata tsohuwa daga cikin na bakin ƙofa ta taso da ’yar gorarta, ta ratsa mu, ta durƙusa ta tsiyaye masa ita duka a ka da wuya. Ta koma inda take ta zauna. Ban san tafiyar da ta yi kafin ta samu ruwan nan ba.

Da aka ɗauke shi, na ga wurin da ya zame. Jan layi ne a kan siminti, tsawon mutum a kwance, ja irin na ƙasar suri, kuma da danshi. Ba jini ba ne, babu inda ya fashe a jikinsa. Takalmansa kuwa kwana da kwanaki yana wasa da su a siminti, tafinsu ya suɗe fes. Alƙalin wasa ya goga da ƙafa, layin bai fita ba. Ya dube ni, na dube shi.

Likita ya ce zafi ne ya dafa masa kai. Ya ce gajiya da yunwa da rashin barci sun taru, jiki ya daina zufa, kuma mai irin wannan hali yakan ga abin da babu, ya ji ƙamshin abin da babu. Yayarsa kuma da ta zo ta ce masu suri ne suka biyo ƙasarsu. Ni maganar likita na ɗauka, ita nake so ki ɗauka. Sai dai likita bai ga jan layin ba, ni na gani.

Don haka ki ji ni da kyau. In kin ga zufa ta ɗauke miki alhali kina cikin rana, in kin ji sanyi, in kin ji ƙamshi ko murya da ba ki san inda ta fito ba, ki ajiye raket ki fita, ko saura bugu ɗaya ki ci kofi. In kuma a jikin wadda kuke karawa kika ga haka, ke za ki tsayar da wasan, don ita ba ta san halin da take ciki ba. Kuma in aka sa miki wasa a lokacin da kika san bai dace ba, ki buɗe baki. Babu wasa sai da ke.

Ni aka ba kujerar Yamai, na kuma tafi. A wasan farko aka fitar da ni, gwiwa ta kumbura kamar tulu, ban sake shiga gasa ba. Da na dawo gida na je in ga filinmu. Gara ta gama aikinta. Suri ne tsaye a kan layin baya har ƙuguna, a gefen da Kyari ya fi son farawa. Mutanen gindin duwatsu suna zaune a bayan waya kamar kullum, suna kallon filin da babu kowa a ciki. Na juya, ban ƙara bin ta wajen ba.

Kyari ya farfaɗo, amma ba duka ya dawo ba. Ƙafar hagu ba ta sake ɗaguwa daga ƙasa ba. Aikin biro ya gagara, yayarsa ta tafi da shi Mirriya, yana zama a garkarta, wato lambunta, yana kallon ruwa yana bin kwari. Ya san ni, ya san sunana, bai taɓa nuna mini fushi ba. Na sha neman gafararsa, sai ya dube ni kamar ina yi masa wani yare.

Ranar kasuwar da ta wuce na hau mota na je na same shi. Na zauna kusa da shi na ce, “Kyari, ɗiyarka Hadiza za ta tafi wasa ƙasashen waje.” Ya yi murmushi ya ce madalla. Muka tsaya kallon ruwa. Can sai ya juyo ya yi mini tambayar da yake yi mini duk zuwan da na yi tun wancan lokaci, wadda nake sa ku jira a mota don kada ku ji.

Ya ce, “Isuhu, sabis ɗin wa ne?”

Na ce, “Naka ne. Amma mu ɗan huta tukuna.”

Ya ce, “To, yadda ka ce.” Ya gyara zama, ya ɗora hannu a gwiwa, yana jira.

Allah Ya kai ki lafiya, Uwata, Ya sa ƙasar da za ki taka ta karɓe ki. Ya tsare miki ƙafafunki da hankalinki, Ya ba ki ikon cewa kin gaji ranar da kika gaji. Ya haɗa ki da mutanen da za su ga halin da kike ciki su faɗa miki. Ya dawo mana da ke da ƙafarki, da kofi ko babu. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. In kin yi salla ki sa Baffanki Kyari a addu’a.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu, Kara-Kara, Damagaram.